Bitar malaman tarihi: a fito da ita daga ɗakin otal

A Amurka, idan kwalejoji suka tafi dogon hutu daga Yuni zuwa Agusta, wasu malaman tarihi komawa ɗalibta suke yi. Hukumar NEH mai tallafa wa nazarin tarihi da adabi da makamantansu, wadda gwamnatin ƙasar ta kafa a 1965, ta daɗe tana ɗaukar nauyin irin wannan bita. A zaɓi malamai ƙalilan, a ba su guzuri, a kai su inda abin ya faru ko inda takardun suke, su yi mako ɗaya ko fiye suna karatu da muhawara da masana. A Afrilun 2025 gwamnatin Trump ta soke ɗimbin tallafin hukumar, amma dabarar ba ta mutu ba, kuma mu ma muna buƙatarta.

Najeriya ta cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi. Madalla. To wa zai gyara masu yaye malaman? Malamin kwalejin ilimi shi ne tushen, kuma wani yana nan yana karanta wa 'yan NCE takardun darasin da shi ma aka karanta masa, har sun yi ja don tsufa.

Bitar da muka saba kowa ya san ta: jaka da biro, jawabin babban baƙo, shinkafa da kaza, layin alawus. Ba a koyon tarihi haka.

Alhali kayan aikin na gabanmu. Ga Arewa House a Kaduna, da aka kafa a 1970 a gidan Sardauna. Ga ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a garin. Ga cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato da rubuce-rubucenta na Larabci da ajami, ga Gidan Makama a Kano. Malamin da ya buɗe tsohon fayil da hannunsa, ya ga yadda Di'o ya lissafa haraji da jangali gunduma-gunduma, sannan ya tambayi kansa me Baturen ya ƙi rubutawa, ba zai koma aji ya ce "ku haddace" ba.

Za a ce ina kuɗi. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, tana biya wa malamai halartar taruka. A karkato da wani kaso nan. Matsalar gaske ita ce lokaci, don hutunmu yana faɗowa cikin damina, wasu na gona, wasu na koyar da 'yan karatun hutu. Saboda haka kada ta wuce mako biyu, kuma a biya guzuri tun kafin mutum ya bar gida.