Hannun Hagu Ba Shi Ke Hana Yaro Karatu Ba

Har yanzu ina jin iyaye da malamai suna cewa yaro ya kasa karatu ne don bahago ne, ko don hannun da ya fi amfani da shi na dama ne amma idon da ya fi dogaro da shi na hagu. Zancen yana da asali, don wani likitan Amurka, Samuel Orton, ya kawo irin wannan ra'ayi tun a 1925.

Sai dai binciken da ya biyo baya bai gaskata shi ba. Wajen mutum ɗaya cikin goma bahago ne, kuma yawancinsu suna karatu lafiya lau. Yaran da karatu ke ba wuya kuwa, akasarinsu da dama suke rubutu.

Matsalar galibi tana wajen rarrabe sautukan kalma da haɗa su da haruffa. Ka ce wa yaron ya cire "ka" daga "kaza", sai ya tsaya yana kallonka, bai gane "za" ce ta rage ba. Irin wannan yaro koyon sauti da harafi yake buƙata, sannu a hankali, kullum. Bugun hannunsa don ya koma dama tsoron makaranta kawai yake ƙara masa, kuma abin yana damuna ƙwarai.