Tuban mai yunƙurin juyin mulki da takardar neman afuwa

'Yan uwa, duk sanda aka ji wani da aka ɗaure kan yunƙurin kifar da gwamnati ya ce ya tuba yana neman afuwa, sai majalisun ataya a unguwannin Nima da Maamobi na Accra, a Gana, su rabu biyu. Wasu su ce ɗaurin ne ya sa shi kuka, wasu su ce tunda Allah ma yana karɓar tuba, wane ne shugaban ƙasa? Ni dai ra'ayina a ɗauke masa igiya daga wuya, amma kada hawaye kaɗai su buɗe masa ƙofar kurkukun Nsawam.

A watan Janairun 2024 Babbar Kotun Accra ta yanke wa mutum shida hukuncin rataya kan cin amanar ƙasa, uku daga cikinsu sojoji, ta kuma wanke mutum uku, ciki har da wani babban ɗan sanda da kanar ɗin soja. Tun 2019 aka fara kama su, wani likita na unguwar Alajo da aka ce shi ne jagora kuma ya rasu a 2023 kafin a gama shari'a. Mutane suna tambaya, ba majalisa ta soke hukuncin kisa a Yulin 2023 ba? Ta soke a dokar manyan laifuka, amma na cin amanar ƙasa yana cikin kundin tsarin mulki na 1992, sashe na 3, dokar majalisa kuwa ba ta goge shi. Rabon da a zartar da kisa a Gana tun 1993.

Afuwa tana sashe na 72 na kundin. Shugaban ƙasa ne ke bayarwa bayan ya shawarci Majalisar Ba da Shawara ta Ƙasa, kuma hanya huɗu ce: ya yafe gaba ɗaya ko da sharaɗi, ya jinkirta hukuncin, ya musanya shi da mai sauƙi, ko ya rage wani ɓangare ko duka. Idan hukuncin kisa ne, dole alƙalan da suka yi shari'ar su aika masa rahoto a rubuce. To a nan dangi ke tuntuɓe. Sai a rubuta takarda ana cewa “sharri aka yi masa, amma muna roƙo a yafe masa”, alhali rahoton alƙalai uku da bakinsu ya zo ɗaya yana kan teburin. Takarda ɗaya ba ta ɗaukar musu da tuba.

Sai a zaɓa, kuma kafin a zaɓa a zauna da lauya. Ƙarar cin amanar ƙasa kai tsaye Kotun Ƙoli ake ɗaukaka ta, ba ta bi ta Kotun Ɗaukaka Ƙara. Wanda ya tabbata bai aikata ba, can ya kamata ya nufa, kada wani ɗan uwa ya tafi gidan rediyo yana cewa “ya yi nadama” ƙarar tana gaban alƙalai. Tsatsu Tsikata, tsohon shugaban kamfanin man fetur na ƙasa, ko da yake nasa laifin ba na juyin mulki ba ne, ya ƙi afuwar da Shugaba Kufuor ya yi masa a Janairun 2009, ya bi kotu har aka wanke shi a 2016. Afuwa tana fitar da mutum daga kurkuku, ba ta cewa bai yi ba. Ko an yafe wa mai wannan laifi, sashe na 62 ya hana shi takarar shugaban ƙasa har abada.

Wanda kuwa ya aikata, takardarsa ta faɗi abin da ya yi da bakinsa: taron da ya halarta, abin da ya ɗauka, wanda ya jawo ciki. A haɗa da shekarun da ya yi a ɗaure, shaidar halinsa daga jami'an gidan yari, takardar likita in yana da ciwo, da sa hannun limami ko sarkin Zango da ya san shi da gaske kuma zai tsaya masa. Tarin sunayen 'yan unguwa dubu bai kai shaidar gandiroba ɗaya da ya gan shi kullum ba. A dubi afuwar da Shugaba Mahama ya yi wa fursunoni 998 a Agustan 2025: masu hukuncin kisa 87 ɗaurin rai da rai aka mayar musu, masu rai da rai 51 kuma aka mayar shekara 20. Mataki-mataki ake sauka, don haka mai neman a sake shi gobe ya roƙi abin da da wuya a ba shi.

Malamanmu kan kawo aya ta 34 a Suratul Ma'ida, wadda ta ɗauke hukunci ga masu tayar da fitina da suka tuba kafin a kama su. Bayan an kama, tuba tana nan tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma haƙƙin jama'a bai faɗi ba.

Abin da ya sa duk da haka nake ƙin rataya shi ne tarihinmu. An harbe Laftanar Arthur da Laftanar Yeboah a Teshie a 1967 kan yunƙurin juyin mulkin da aka kashe Janar Kotoka a cikinsa, bai hana juyin mulkin 1972 da 1979 da 1981 ba. Ako Adjei da Tawia Adamafio kuwa, tsoffin ministocin Shugaba Nkrumah, kotu ta wanke su kan bom ɗin da aka kai wa Nkrumah hari da shi a Kulungugu, sai ya tsige alƙalin alƙalai, aka sake shari'a aka yanke musu kisa, sannan aka mayar ɗaurin shekara 20. Da an rataye su, da juyin mulkin 1966 bai tarar da wanda zai saki ba.