Muryar da aka biya sau ɗaya, waƙar da ke kawo kuɗi kullum

Kwanakin baya na raka wani ƙanena wani sitidiyo a wajajen Zoo Road a Kano. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, an manne bangonsa da soso, janareto na ta ruri a waje. Wata yarinya ta shigo da hijabinta, ta maƙala abin ji a kunne, ta yi ta maimaita amshi har mai kiɗa ya ɗaga mata hannu alamar ya yi. Mawaƙin ya laluba aljihu ya miƙa mata kuɗi, ya ce, "Ga na mota, ƙanwata, Allah ya saka da alheri." Ta karɓa da hannu biyu, ta fita.

Bayan wata biyu na ci karo da waƙar a YouTube. Bidiyo ya ji kuɗi: motar haya mai ƙyalli, kyamara mai shawagi a sama, 'yan rawa da anko. An rubuta sunan mawaƙi da na darakta. Ba a rubuta nata ba, haka ma yaron da ya kwana a gaban kwamfuta yana haɗa kiɗan. Alhali amshin nan nata shi yara ke rerawa a lungu.

Wannan al'ada ta sallama sau ɗaya tana da asali. A zamanin kaset da faifan CD, mawaƙi kan kai waƙarsa wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai, a yi ciniki, ya karɓi kuɗinsa, shi ke nan. Tunda shi ma sau ɗaya aka biya shi, ba laifi ya sallami kowa sau ɗaya. Daga baya masu tura waƙoƙi a memori suka durƙusar da wannan kasuwa. Yanzu kuwa waƙa ta zama gona. Muddin tana kan YouTube ko Audiomack ko Boomplay ana saurare, tana iya ci gaba da kawo wani abu shekara da shekaru. Spotify ya shigo Najeriya a 2021, kuma kamfanin ya ce mawaƙan ƙasar sun samu sama da naira biliyan 58 ta hannunsa a 2024, fiye da ninkin abin da suka samu a 2023. Ba na jin kason mawaƙan Hausa a ciki ya taka kara ya karya, amma alƙiblar kasuwar ta fito fili. Gonar da mutum uku suka nome, mutum ɗaya ke girbinta duk shekara.

Na san abin da mawaƙa za su ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Su suka biya sitidiyo, su suka ci bashin ɗaukar bidiyo, kuma waƙoƙi da yawa ko kuɗin man janareto ba sa mayarwa. YouTube ma ba ya fara biyan kuɗin talla sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Wanda ya zuba jari ya cancanci kaso mafi tsoka, ban musa ba. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a ce sauran ba su da komai idan waƙa ta yi kasuwa.

Abin da ya fi damuna, magabatanmu sun fi mu adalci a nan. Makaɗan gargajiya irin su Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo ba su kaɗai suke yawo ba. Duk inda aka yi wasa aka samu alheri, masu kalangu ko kotso da 'yan amshi suna da rabonsu, kuma gobe idan aka sake wasa a sake rabo. Yau kowane saurare a waya tamkar sabon wasa ne, sai dai babu mai kiran 'yan amshi a raba.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta amince cewa mai rerawa da mai kiɗa suna da haƙƙi a kan aikinsu, kuma haƙƙin wanda ya ƙirƙiri waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Amma yarinyar da ba ta da ko takarda ɗaya a hannu, da me za ta je gaban alƙali? Mu kuma muna ganin neman a rubuta yarjejeniya rashin kunya ne, musamman daga mace, ko daga yaro ga ubangidansa. Kunyar nan ce ake cin gumin mutane da ita.

Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tana yi wa mawaƙa rajista, tana kuma sa ido kan abin da suke rerawa. Ita da ƙungiyoyin mawaƙa za su iya fitar da takarda shafi ɗaya da Hausa, a ajiye a kowane sitidiyo: wa ya rubuta, wa ya rera, wa ya yi amshi, wa ya haɗa kiɗa, kaso nawa kowa zai samu. A sa hannu kafin a kunna makirfo, kuma a rubuta sunayen nan a ƙarƙashin bidiyon ranar da aka ɗora shi.