"Ai da hannunta ta tura masa"

Wannan maganar ce ta hana ni barci jiya. 'Yar ƙanwar mahaifiyata, yarinya 'yar shekara 19, wata uku tana tura wa wani tsohon saurayinta kuɗi, don yana riƙe da hotunanta yana cewa zai watsa su a WhatsApp. Da dubu 10 aka fara. Ranar da asiri ya tonu, 'yan kunnen gwal ɗin da kakarta ta bar mata sun riga sun tafi kasuwa. Tana tsugune a tsakar gida, mayafi ya rufe fuska, wani babba cikin dangi ya ce mini, "Ɗana, bar maganar hukuma. Bai ɗora mata wuƙa ba, da hannunta ta tura masa."

Kawu, da girmanka, a nan ka yi kuskure. Tsorata ta har ta bayar da hannunta shi ne ainihin laifin. Kundin dokokin hukunta laifi na Final Kod (Penal Code) da Arewa ta fara aiki da shi a 1960, a sashe na 291, ya ce duk wanda ya jefa mutum cikin tsoron wata cutarwa da gangan, har tsoron ya sa ya miƙa dukiya ko takarda mai daraja, ya yi tatsa ta hanyar barazana. Sashe na 292 ya tanadi ɗauri har shekara 5, ko tara, ko duka biyun. Kuma cutarwa a wannan kundin ta haɗa da jiki, da hankali, da dukiya, da mutunci. Mutunci fa! Wanda ya ce zai zubar miki da mutunci in ba ki biya ba, doka ba ta jira sai ya zaro makami.

Ɓarawo yana ɗauka ba da saninka ba. Ɗan fashi yana tsaye gabanka, ko ka bayar yanzu ko ya illata ka yanzu. Mai tatsa shi ya fi su wayo, yana can nesa, ya bar tsoro yana yi masa aiki, kai da kanka za ka je wurin mai POS ka tura, har ka biya caji. Ko ranar farko da ya turo saƙon barazanar, kafin ta tura ko sisi, ya riga ya taka doka, don tsoratarwa laifi ce mai zaman kanta a sashe na 396. Dokar laifukan intanet ta 2015 ma tana jiransa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda muke juya shari'ar kan wadda aka zalunta. Me ya kai ta ɗaukar hoton? Tambaya ce ta tarbiyya, a yi ta a cikin ɗaki. Amma ko abin da ake barazanar tonawa gaskiya ne, kuskurenta bai halatta masa ko naira ɗaya ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa dukiyar mutum ba ta halatta sai da daɗin ransa. Ina daɗin rai ga wadda ke kuka tana danna lambar asusu?

Haka manomin Zamfara da ke haɗa wa 'yan bindiga kuɗi kafin su bar shi ya girbe gerorsa. Haka direban da aka ce ko ya kawo na goro ko motarsa ta kwana a ofis. Duk da hannunsu suka miƙa.

Kada kuma a ɗauka ƙaramin abu ne. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 daga Najeriya kan irin wannan tatsa da hotunan tsiraici. A shekarar ce wata kotu a jihar Michigan ta Amurka ta ɗaure wasu 'yan'uwa biyu daga Legas shekara 17 da rabi kowannensu, bayan yaron da suka matsa wa, ɗan shekara 17, ya kashe kansa.

Mun hana ta goge komai. Saƙonninsa, muryoyin da ya turo, rasit ɗin kowace tura kuɗi, duk mun adana. Mahaifiyarta ta ce tana tsoron bakin unguwa, kuma ban ga laifinta ba, ni ma ina jin wannan tsoron. Amma gobe da safe, in Allah ya kai mu, ni zan riƙe hannun yarinyar mu tafi wurin lauya.