Alhaji a Rumbun Giyar Chablis

Bature ya ɗaga kofin ya duba shi a hasken fitila, ya jujjuya, ya cusa hanci, ya kurɓa, ya kurkure baki, sannan ya tofar a bokiti.

ALHAJI: Subhanallahi! Ƙuda ya gani a ciki?

ƊAN BOKO: A'a, ranka ya daɗe, ƙa'idar sana'ar ke nan, domin wanda yake ɗanɗana kwalabe da yawa a wuni ɗaya, idan ya haɗiye, sai an ɗauke shi ranga-ranga. Baturen ya ce wannan farar giya ce ta nan Chablis, a arewacin yankin Burgundi na Faransa, daga inabin chardonnay, girbin 2014.

ALHAJI: Shekara arba'in ina saye da sayarwa a kasuwar Maraɗi, ban taɓa ganin mai kaya ya tofar da kayansa a gaban baƙo ba. Tambaye shi nawa zai rage.

ƊAN BOKO: Alhaji, ai ziyara aka kawo mu, kuma mu ba masu sha ba ne.

ALHAJI: Yaro, ba kai za ka koya mini haram ba, ko kyauta aka ba ni ba zan taɓa ta ba. Amma sha daban, ciniki daban. Kayan da suka yi kwantai tun 2014, mai su ma ya kasa haɗiyewa, dole a rage.

Ɗan Boko, wanda shekara uku kacal ya yi a Faransa amma har ya fara tambayar yadda ake kiran kuka da Hausa, ya share gumi ya fassara rabin maganar. Bature ya lumshe ido ya ci gaba da bayani.

ƊAN BOKO: Ya ce daɗewar ce take ƙara mata daraja. Ya ce yana jin ƙamshin lemon tsami da na dutse, saboda ƙasar gonakin nan cike take da ɓawon halittun teku waɗanda suka zama dutse tun fil azal.

ALHAJI: Wato har da tsakuwa a ciki, kamar shinkafar da ake auna mana a gida, ana rantsuwa cewa an tsince. Da bakinsa ya faɗi aibu na biyu. Ya rage.

ƊAN BOKO: Ya ce a watan Afrilun 2021 jaura ta ƙone tohon inabi, har manoma suka kwana suna kunna kyandir a gonaki don ɗumama inabin, kaya suka yi ƙaranci.

ALHAJI: Wannan hujjar na san ta, ni ma da ita nake ƙara kuɗin albasa.

Nan Ɗan Boko ya ga mutuncin bokonsa yana zubewa, sai ya ce shi ko bai sha ba, hancinsa kaɗai ya isa. Ya ɗauki wani kofi a bakin teburi, ya jujjuya shi yadda ya ga an yi, ya shaƙa har sau uku.

ƊAN BOKO: Akwai ɗaci-ɗaci mai natsuwa, da ƙamshin ganye da damshin ƙasa. Wannan ta fi ta farko shekaru, kuma ba kowane hanci ne zai gane ta ba.

ALHAJI: Gaskiya ne, ba kowane hanci ba. Ruwan da na wanke gorona ne.

A yi wa Ɗan Boko uzuri kaɗan, domin a 1976 a birnin Paris manyan gwanayen Faransa da kansu, da aka ɓoye musu sunayen kwalabe, farar giyar Kalifoniya ta Amurka suka ba na ɗaya. Bature dai ya karɓi kofin, ya shinshina, ya yi shiru mai tsawo.

ƊAN BOKO: Alhaji, yana tambaya wai girbin wace shekara ce.

ALHAJI: Gaya masa na bana ne, kuma ni ba na ragewa.