Wai "ni me nake da shi da za a sace?"

Tun da NELFUND, hukumar ba ɗalibai bashi ta gwamnatin tarayya, ta buɗe shafin neman bashin karatu a watan Mayun 2024, wata ɗabi'a ta ƙara samun gindin zama a jami'o'inmu, kuma wallahi tana ci min tuwo a ƙwarya. Sai ka ga kilas ref, wato wakilin aji, ya turo saƙo a guruf ɗin WhatsApp wai kowa ya ajiye sunansa da lambar rajista da NIN da BVN da lambar waya don a haɗa a kai ofis, kowa ya kwafo jerin ya ƙara nasa a ƙasa ya sake turawa, kafin la'asar bayanan ajin kaf na cikin wayar kowa, har da wanda ya bar makarantar tun aji ɗaya ba a cire shi daga guruf ba.

Da ka yi magana amsar ɗaya ce: "To ni me nake da shi? Asusuna ko dubu biyu babu." Wannan maganar ce ta fi ba ni haushi, kuma har malamai na yin ta. Ɗan damfara sunanka yake so, malam. In ya samu BVN ɗinka mai lamba 11 da lambar wayarka, kira kawai zai yi ya ce daga banki ne, ya karanto maka su tiryan-tiryan, kai kuma da ka ji ya san komai sai jikinka ya yi sanyi ka karanto masa OTP, lambar sirrin da banki ke turo maka a waya. Ko ya ce daga dipatmen ne, za a yi mitin ta intanet, an turo maka lamba 6 ka faɗa a saka ka. Ashe lambar shiga WhatsApp ɗinka ce, shi ke nan ya ƙwace shi. Daga nan saƙo ya isa wajen Baba da Yaya da Anti da sunanka da hotonka, wai za a rufe fotal, shafin rajistar makaranta, yau a taimaka da cikon kuɗin rajista. Kuɗinka dai ba a taɓa ba, na gidanku aka kwashe.

Ga kuma kafe, shagon intanet na bakin get, inda ɗalibi zai rubuta fasawod a guntun takarda ya miƙa ya tafi masallaci, ya dawo ya karɓi firintin, takardar tana kan tebur, hoton takardar admishin ɗinsa na kan kwamfutar har ƙarshen zango.

Masu cewa laifin ɗalibai ne, a shirya musu taron wayar da kai, su fara duba ofisoshinsu. Wa ke ba sabon ɗalibi lambar rajistarsa a matsayin fasawod kuma ba a tilasta masa ya canja? Wa ke manna jerin sunaye da sakamako a allo kowa na ɗaukar hoto? Tun watan Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, aka kafa hukumar NDPC mai kula da ita, kuma dokar ba ta ware jami'a ba. Wanda ya karɓi bayanan mutum amana ya ɗauka.

A hana karɓar NIN da BVN ta guruf, ko kilas ref ne ko sakataren dipatmen, kowa ya cike nasa a fotal da hannunsa. Ɗalibi kuma ya shiga saitin WhatsApp ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, abin ko minti biyu ba ya ci. Jami'ar da ta ci gaba da wannan sakaci kuwa, ya kamata NDPC ta fara cin tararta kawai.