Tafkin Sakumo: a tare tifa tun kafin a kira katafila

Wanda ya bi titin bakin teku daga Akra zuwa Tema zai ga tafkin Sakumo a hannunsa na hagu. Ruwa ne mara zurfi, kewaye da fadama, wata 'yar magudana a ƙarƙashin titin ce ke haɗa shi da teku. Tun 1992 Gana ta sanya shi cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ta 1971 ke karewa, fili sama da hekta 1,300. A takarda ke nan. A ƙasa kuwa, katangun bulo sun ci fadamar har kusa da bakin ruwa.

Yadda ake cin ta ba ɓoyayye ba ne. Tifa ta juye jar ƙasa a kan ciyawa, washegari wata ta ƙara, a daddaɓe, a kafa turaku, a fara haƙa tushe. Kafin a ankara an yi rufi. Sai a jira shekaru, sannan hukuma ta zo da katafila da jami'an tsaro, kamar rusau ɗin 2022. Ban ce kada a rushe ba, amma wanda ake rushe wa gida sau da yawa shi ne na ƙarshe a layin. Wanda ya sayar da filin da ba nasa ba, da wanda ya buga hatimi, suna gida suna barci.

Fadamar nan aiki take yi. Ruwan damina da ke gangarowa daga unguwannin Tema da kewaye a nan yake kwanciya, ya tsane a hankali. Idan aka cike ta, ruwa ba ya ɓata hanya, ɗakunan mutane zai shiga. Akra ta san ɗacin wannan: ambaliya da gobarar 3 ga Yuni, 2015 sun ci rayuka sama da 150, duk da a wani ɓangaren birnin abin ya faru.

Akwai masunta da ke ci da iyalinsu daga karfasar tafkin, akwai tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su huta a taɓonsa. Al'ummar Ga, 'yan asalin yankin, su ma tun kaka da kakanni suna rufe tafkin na wasu watanni don kifi ya hayayyafa. Sun fi mu sanin darajar wurin.

Ƙarancin gidaje a Akra gaskiya ne, ba na musu. Amma hanyoyin da tifa ke bi ta shiga fadamar ba su da yawa. Ya kamata sashen kula da namun daji na Hukumar Gandun Daji ya kafa shinge a bakinsu, a kama motar farko da ƙasarta a baya, a tambayi direba wa ya aiko shi.